Yadda ake riƙe lissafin lig ɗin Blood Bowl da rubuta labarin kowane wasa

Kaka uku kenan littafin lig ɗin kulob ɗinmu yana hannuna. Mu goma sha biyu ne, duk daren Laraba muke haɗuwa a ɗakin bayan wani shagon kayan wasanni a nan Ingila, kuma duk wanda ya shigo sabo tambayar da yake fara yi mun ita ce wai ya akai nake tuna wasan da aka buga wata huɗu baya har da lambar ɗan wasan da ya zame a bakin layi. Ba tunawa nake ba, rubutawa nake tun ana kan tebur. Toh shi ne nace bari na zauna na zayyana yadda nake yi daki-daki, ko wani zai ɗauki wannan aikin a nasu kulob ɗin.

Ga wanda bai san wasan ba, Blood Bowl wasan tebur ne na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, Jervis Johnson ne ya ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a 1986. Kamar ƙwallon Amurka yake amma 'yan wasan halittun tatsuniya ne, akwai mutane, akwai Orc, akwai Elf, akwai wadanni, akwai ɓerayen da ake kira Skaven. Filin allo ne mai gida 26 a tsaye 15 a kwance, kowane koci yana sa 'yan robarsa 11 a fili, rabi biyu ake yi kuma kowane rabi kana da juyi 8, dayis ne ke yanke hukunci irin dai na lido amma kala-kala. Kuɗin da zan ta ambata duk zinaren cikin wasa ne, a takarda kawai yake, babu ko sisin gaske a ciki. Abinda ya sa lig ya bambanta da wasan rana ɗaya shi ne tim ɗinka yana rayuwa daga wasa zuwa wasa, ɗan wasa ya ƙware, ya ji rauni, ya mutu ma, shi ya sa idan lissafi ya ɓaci lig ɗin gaba ɗaya ya ɓaci.

Abu na farko tun kafin a jefa dayis ko ɗaya, ku zauna ku tsayar da bugun dokokin da za ku bi, ka rubuta shi a shafin farko na littafin. Wannan ba ƙaramin abu bane. A bugun 2016 gwarzon wasa maki 5 yake samu, irin makin da ɗan wasa ke tarawa a saya masa sabuwar gwaninta, a bugun 2020 ya koma 4, sannan a ƙarshen 2025 an sake fitar da sabon bugu da wasu lambobin suka canza. Duk lambar da zan kawo a nan ta bugun 2020 ce don da ita muka buga kakanninmu, idan naku daban ne ka buɗe littafinku ka gyara lambobin, tsarin aikin dai ɗaya ne. A wannan shafin kuma ka rubuta makin teburi: nasara 3, canjaras 1, rashin nasara babu. Littafin dokoki ya ba kwamishinan lig damar ƙara maki ɗaya-ɗaya ga wanda ya ci uku ko fiye, ko wanda ba a ci shi ko ɗaya ba, ko wanda ya jikkata mutum uku ko fiye, ku yanke ko kuna so ko ba kwa so tun yanzu. Haka ma abinda zai raba gardama idan maki ya zo ɗaya, mu tazarar ci muke fara dubawa sannan tazarar jikkatawa. Kar ka bari sai sati na ƙarshe mutum biyu sun yi kunnen doki sannan a fara neman doka, ranar kowa dokar da za ta taimake shi zai kawo.

Sai kayan aiki. Ni littafi mai kauri ɗaya, fayil mai aljihunan leda, fensir da biro, da Excel a kwamfuta. Akwai manhajoji irin su TourPlay da suke yi maka lissafin da kansu kuma suna da kyau ƙwarai, amma ko da su kake amfani ina ba ka shawara kar ka yar da takarda, saboda manhaja za ta gaya maka lamba 4 ya ci a juyi na 8 amma ba za ta gaya maka cewa kocin ya miƙe tsaye ya dafe kai kafin ya jefa dayis ɗin ba, kuma labari a nan yake.

Karɓar takardun tim

Kowane koci yana farawa da zinare 1,000,000, ya sayi 'yan wasa daga 11 zuwa 16 da sauran abubuwa kamar damar sake jefi da likitan tim. Ka karɓi takardar kowa kafin wasan farko ka sake tara kuɗin da kanka, layi-layi, kusan kowace kaka sai na samu wanda ya wuce da 10,000 ko ya manta bai cire kuɗin likita ba, ba da gangan ba, kuskure ne kawai. Sannan ka dage a kan abu biyu. Kowane ɗan wasa ya zama yana da lamba a rubuce a gindin robarsa wadda ta yi daidai da ta takarda, kuma kowanne ya zama yana da suna. Wasu kocin za su ce maka za su sa suna daga baya, kar ka yarda, ɗan wasan da ba shi da suna babu wanda zai ji komai ranar da aka fitar da shi a makara. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya ka ajiye ta asalin a fayil.

Takardar wasa

Wannan ita ce zuciyar aikin don haka zan ɗan jima a kanta. Takarda ɗaya nake bugawa don kowane wasa, gaba da baya. A saman gaba akwai kwanan wata, sati na nawa, tim biyu da kocinsu, da darajar kowane tim a wannan ranar. Darajar ranar fa, ba ta cikakken tim ba, wato an cire kuɗin duk wanda rauni ya hana shi buga wannan wasan, an kuma ƙara na 'yan aro idan tim bai kai 11 ba. Tazarar da ke tsakanin darajar biyu ita ce kuɗin da ƙaramin tim zai samu ya ɗauko taimako, ko cin hancin alƙalin wasa ko wani tauraro irin su Griff Oberwald, duk abinda aka saya a rubuta.

Ƙarƙashin wannan sai 'yan kallo. Kowane koci zai jefa dayis mai fuska uku ya haɗa da adadin magoya bayansa na dindindin, a rubuta na kowa daban sannan a rubuta jimla. Wannan lambar ita aka fi mantawa, wallahi sau da yawa an gama wasa awa biyu da rabi an zo lissafin kuɗi sai ka ga koci biyu suna kallon juna babu wanda ya tuna me ya jefa. Sai yanayi, dayis biyu, 2 zafi mai tsanani, 3 rana mai kashe ido, 4 zuwa 10 lafiya lau, 11 ruwan sama, 12 ƙanƙara. Ka bar ɗan fili kusa da shi don yanayi yana iya canzawa a tsakiyar wasa.

Sauran gaban takardar layi 16 ne, 8 na rabin farko 8 na rabi na biyu, an raba shi biyu kowane tim da ɓangarensa. A nan ake rubuta duk abinda ke kawo makin tauraro, wanda a takardar tim za ka ga an rubuta SPP. Ci maki 3 ne. Jikkata abokin hamayya 2. Cafke fasin abokin hamayya a sama 2, idan taɓa ta kawai ka yi ta kauce 1. Fas ɗin da ya isa daidai aka kama 1. Gwarzon wasa 4. Rubutun gajere ne don kar ya tsayar da wasa, ga yadda nawa yake fita:

R1 J3, Ɓ7 fas, Ɓ2 ya kama
R1 J4, Ɓ2 ci
R1 J6, O5 ya jikkata Ɓ9, dayis 11
R2 J2, Ɓ4 ƙeta, jan kati

R rabi, J juyi, harafin tim (a nan Ɓ ɓeraye, O Orc) da lambar ɗan wasa, shikenan. Dokar da na kafa ita ce a rubuta a lokacin da abin ya faru kafin a taɓa wani ɗan roba, kuma wanda ba juyinsa bane shi ke riƙe da fensir tunda hannunsa ba komai.

Wurin da rigima ta fi yawa shi ne jikkatawa, ka kula sosai. Ba kowane rauni ne ke ba da maki ba. Wanda ya zo ta hanyar bangaza shi ne mai maki 2. Idan ka tura mutum waje 'yan kallo suka lakaɗa masa duka, babu maki. Idan ƙeta ka yi wa wanda ke kwance, babu maki. Idan shi da kansa ya faɗi garin zilliya ya karye, babu wanda zai ci makinsa. Amma duk da haka a rubuta su, sai dai a zagaye da da'ira a nuna ba na maki bane, saboda raunin yana nan a jikin ɗan wasan ko da babu wanda ya amfana. Kuma kar a rubuta "ya ji rauni" kawai, a rubuta lambar da dayis mai fuska 16 ya nuna. 1 zuwa 6 ya bugu amma zai dawo wasa na gaba. 7 zuwa 9 zai rasa wasa ɗaya. 10 zuwa 12 zai rasa wasa ɗaya kuma ya tafi da tsohon ciwo wanda ke ƙara 1 a kan duk irin wannan jefin da za a sake yi masa nan gaba. 13 da 14 nakasa ce, sai a sake jefi a ga ko kai ne ko gwiwa ko hannu ko wuya ko kafaɗa, a rage masa abinda ya dace. 15 da 16 ya mutu. Idan likita ya shiga a rubuta jefin farko da na biyu da wanda kocin ya zaɓa.

A kakata ta farko na taɓa yarda wasu koci biyu suka tafi gida ba su cike takarda ba don dare ya yi ana rufe shago, suka ce za su turo mun a WhatsApp. Da safe ɗaya ya ce jikkatawa uku ya yi, ɗayan ya ce biyu ne ta ukun 'yan kallo ne suka yi, kuma maki biyun nan su ne za su ba ɗan wasan sabuwar gwaninta kafin wasan kusa da na ƙarshe. Dukkansu mutanen kirki ne babu maƙaryaci a ciki, kowa abinda ya tuna ya faɗa, amma sai da aka yi sati biyu ba sa gaisawa sosai kuma abin ya dame ni ƙwarai don ni na bar ƙofar. Tun daga ranar babu takardar da nake karɓa sai da sa hannun koci biyu a ƙasanta, a tebur, kafin a tattara kaya.

Bayan takardar kuma fili ne fari da tambaya uku kacal. Wane juyi ne wasan ya juya? Wane jefin dayis ne ba za ka manta ba? Wace magana aka faɗa a tebur da ta ba kowa dariya ko ta sa aka yi tsit? Kowane koci ya rubuta layi ɗaya-ɗaya, minti biyu ya isa. Daga nan duk labaraina suke fitowa.

Bayan an tashi

Ka sa su bi jerin yadda littafi ya tsara, kar a tsallake. Farko sakamako da kuɗin shiga: a raba jimlar 'yan kallo biyu, a ƙara yawan cin da tim ya yi, a ninka da 10,000. Misali ɗaya ya kawo 4 ɗaya ya kawo 3, jimla 7, rabinta uku da rabi, wanda ya ci biyu ya tashi da 55,000, wanda ya ci ɗaya 45,000. Sai magoya baya, wanda ya yi nasara ya jefa dayis idan ya kai adadin da yake da shi ko ya fi an ƙara masa ɗaya, wanda aka ci idan ya jefa ƙasa da adadinsa an rage ɗaya, canjaras ba a taɓawa. Sai gwarzon wasa da kashe maki. Karo na farko maki 3 ne idan ka bar dayis ya zaɓa maka gwaninta daga rukunin ɗan wasan na kusa, wato gwanintar da ta dace da irinsa, 6 idan kai za ka zaɓa, 12 idan za ka zaɓa daga rukunin nesa, 18 idan ƙarfi ko gudu kake nema a ƙara. Lallai a rubuta ko zaɓa aka yi ko dayis ne ya bayar don kuɗin ba ɗaya bane, a rukunin kusa ta dayis tana ƙara wa darajar ɗan wasa 10,000, wadda aka zaɓa 20,000. Ɓeran nan mai gudu na Skaven da ake saye 85,000 idan kocinsa ya zaɓa masa gwaninta ya koma 105,000 kenan. Daga nan saye da sallama, sannan idan asusu ya kai 100,000 akwai jefin asarar kuɗi da dole a yi, shi ma a gaban abokin wasa za a yi ba a gida ba.

A daren nake shigar da komai Excel, ban bari ya kwana. Shafi huɗu ne. Ɗaya na wasanni, kowane wasa layi ɗaya. Ɗaya na abubuwan da suka faru, kowane ci ko rauni ko fas layinsa daban da lambar wasa da juyi da sunan wanda ya yi da wanda aka yi wa. Ɗaya na 'yan wasa. Ɗaya teburin lig. Sirrin shi ne shafi na biyun kaɗai nake cikewa da hannu, sauran su jawo daga can, don in ka ce za ka riƙa gyara jimla da hannu a wuri uku wata rana sai sun saɓa. Kuma akwai gwaji mai sauƙi da nake yi duk sati, jimlar cin da aka yi a lig dole ta yi daidai da jimlar cin da aka sha, idan ba su zo ɗaya ba akwai layin da na tsallake. A shafin 'yan wasa ka ware kolum biyu, makin da ya tara tun farko da makin da ya rage bai kashe ba. Na farkon na tarihi ne, na biyun na lissafi. Wanda ya mutu ko aka sallama kar ka goge shi, ka mayar da layinsa ƙasa ka rubuta ranar da wanda ya yi sanadi.

Rubuta labarin

Yanzu mun zo inda na fi so. Ka ajiye takardar a gabanka, gaba da baya, ka fara neman juyi ɗaya wanda idan aka cire shi wasan zai zama wani wasa daban. Da shi za ka buɗe ko a kansa za ka gina. Babban kuskuren masu farawa shi ne bin juyi 16 ɗin a jere, a juyi na ɗaya ya matsa, a na biyu ya bangaje, a na uku ya sake matsawa, kafin a kai rabin lokaci mai karatu ya ajiye waya. Juyin da ba a yi komai ba ka haɗe biyar a jimla ɗaya ka wuce, wanda aka yi abu kuma ka tsaya ka ba shi sakin layi guda.

Sannan ka zaɓi murya ka tsaya a kanta. Ko dai kana ba da labari daga cikin duniyar wasan kamar ɗan jarida ne a filin, ko kana ba da labarin mutum biyu a tebur da dayis. Kamfanin da kansa na farkon yake yi, yana da masu sharhinsa Jim Johnson da Bob Bifford da mujallar Spike!, ni ma shi nake bi, sai a can ƙasa na sa layi biyu na abinda ya faru a tebur. A muryar cikin fili ba a cewa ya jefa 1, sai a fassara dayis ɗin ya zama abinda ido zai gani. Ɗan wasa ya ƙara taku ɗaya bayan gudunsa ya ƙare ya jefa 1, toh santsi ne ya kwashe shi ko numfashi ya ɗauke. An kasa ɗaukar ƙwallo a ruwan sama, ƙwallon ce ta zama kamar sabulu. Ka duba yanayin da aka rubuta a sama ka yi amfani da shi, kyauta ne.

Na kulob da Turanci nake rubutawa, amma nakan sake rubuta wasu da Hausa na tura wa ƙannena a gida, kuma a nan na gane Hausa ta fi dacewa da wasan nan don muna da kirari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda ake wasa ɗan dambe kafin ya shiga ya san abinda nake nufi. Ga guntun wani da na rubuta, Orc da Skaven, an tashi 2 da 1:

"Saura juyi ɗaya a tashi, ɓeraye na gaba da ci ɗaya, ruwa kuwa tun rabin lokaci yake zuba. Orc ba su da mai gudun da zai kai, dabara ɗaya ta rage, a miƙa wa ɗan ƙaramin Goblin ƙwallo, Troll ya ɗauke shi ya wurga shi can gaba. Ƙwallo ta isa hannun yaron, ya rungume ta a ƙirji. Gagarabadau ya sunkuya, na gaban sahu, wanda tun safe ya kwantar da uku. Ya ɗaga shi sama, filin ya yi tsit. Sai ya tsaya yana kallon abinda ke hannunsa. Tun jiya bai ci komai ba. Ƙwallon kaɗai ce ta dawo ƙasa."

Wannan ba ƙirƙira na yi ba, dokar Troll ce, idan zai wurga ɗan uwansa ya jefa 1 zai yi yunƙurin cinye shi, in ya sake jefa 1 ya cinye kuma babu likitan da zai dawo da shi, sau ɗaya cikin 36 kenan. Kaga kuma ban ambaci dayis ba ko sau ɗaya. Yunwar jiya da shirun filin nawa ne, su ado ne kuma ado halal ne a labari. Amma sakamako, wanda ya ci, juyin da aka ci, wanda ya jikkata wa, waɗannan ba a taɓa su ko da labarin zai fi daɗi idan an canza. Na kwantar da uku ɗin nan da na ce, uku ne a takarda. Ranar da koci ya karanta ya ga an ba wani ɗan wasa cin da ba shi ya yi ba, daga ranar ya daina yarda da teburin ma.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau, ka yi wa wanda aka ci adalci. Ɗan roba za ka iya yi masa tsiya yadda kake so, amma kocin mutum ne da ya yi sati yana fentin tim ɗinsa ya kuma zauna awa uku yana kallon ana kwashe masa 'yan wasa, musamman sabon shiga da aka yi wa 4 da nema. Ka nemo masa abu ɗaya da ya yi daidai ka faɗa da gaske, ko tsaron da ya riƙe juyi biyar ko fas ɗin da ya yi ƙarfin halin gwadawa. Kar ka rubuta cewa koci ya yi wauta, ka rubuta abinda ya faru a fili mai karatu ya gani da kansa. Na ga mutanen da suka ci gaba da zuwa duk da suna ƙasan teburi saboda kawai ɗan wasansu ɗaya ya zama sananne a labaran sati.

Tsawo kuma kalma 300 zuwa 400 ta isa wasan sati, na ƙarshe ne kawai nake sakewa ya yi tsawo. A sama kanun labari da sakamako, a ƙasa 'yan layuka busassu: waɗanda suka ci, waɗanda suka jikkata, gwarzon wasa, wanda ba zai buga na gaba ba. Hoto ɗaya ya isa, ka sauke wayar daidai tsayin 'yan robar ka ɗauka daga gefe, ba daga sama ba. Ka fitar kafin kwana biyu tun abin na da zafi, idan ya kai sati an riga an shiga maganar wasa na gaba.

Da an kai sati na huɗu ko na biyar shafin abubuwan da suka faru zai fara ba ka labari da kansa. Kafin ka rubuta kowane wasa ka tace sunan tim biyun ka ga me ya taɓa haɗa su. Za ka tarar wanda ya karya wa wani gwiwa a sati na biyu yau sun sake haɗuwa, ko wani ya yi wasa shida bai taɓa samun maki ko ɗaya ba sai yau, ko saura ci ɗaya wani ya kamo na saman jerin masu ci. Jimla ɗaya ta irin wannan a farkon labari tana sa har wanda bai buga ranar ba ya karanta. Mutuwar tsohon ɗan wasa kuwa nakan ba ta nata ɗan sakin layi daban, wasa nawa ya buga, ci nawa, wa ya kwantar, duk daga Excel nake kwasowa, kuma shi ne abinda kocin suka fi ajiyewa a wayarsu.

Idan kaka ta ƙare kar ka rufe littafi sai ka yi abu uku. Ka fitar da teburin ƙarshe da jerin wanda ya fi ci da wanda ya fi jikkatawa da wanda ya fi fas. Ka rubuta wa kowane ɗan wasa yawan kakar da ya buga, don wajen sake ɗaukar tim akwai ƙarin 20,000 na wakili a kan kowace kakar da ya riga ya buga, kuma kuɗin da kowane koci zai samu na sake gini ya danganta da yawan wasan da ya buga da nasarorinsa da abinda ya rage masa a asusu, duk sai an koma takardu. Sannan ka kwafi fayil ɗin Excel ka sa masa lambar kakar ka kulle shi, ka buɗe sabo, takardun wasan kuma ka jera su sati-sati a leda ɗaya da labarin kowanne a bayansa, ka rubuta shekarar a jikin fayil ɗin ka kai shagon a ajiye inda duk ɗan kulob zai iya ɗauka ya duba.